Kwana uku a Oban: mai haƙan ƙasa da kifin faifai

Aikin gida ne ya jawo tafiyar nan. Ana saura mako biyu a ba su dogon hutu, 'yata ta fari, wadda nake ce wa Mamana saboda sunan mahaifiyata ta ci, ta dawo daga makaranta da wata takarda. Malamar kimiyya ta ce kowa ya zaɓi dabba ɗaya ta tudu da ɗaya ta ruwa a nan Sikotland, ya jera rabe-rabensu daga sama har ƙasa, sannan ya rubuta matsayin kowacce a Jan Kundin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke fitarwa tun 1964, wanda ke nuna halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ita ta zaɓi mol, wata 'yar dabba mai zama a ƙarƙashin ƙasa, da wani shimfiɗaɗɗen kifi mai kama da faifai da masuntan nan ke ce wa filafa. Minti ashirin ta yi a gaban kwamfuta ta gama. A ƙarƙashin mol ta rubuta "ba abin damuwa", a ƙarƙashin filafa ta rubuta "dab da ƙarewa".

Ni kuwa shekara tara na yi ina koyar da bayoloji kafin neman abinci ya kawo ni Gilasgo ya mai da ni mai kwanan aiki a gidan kula da tsofaffi. Sai halin malanta ya motsa, na ce mata, "To ita mol ɗin yaya kamarta take? Girmanta kamar me?" Ta ɗago kai ta ce, "Abba, kai ka taɓa ganinta?" Na buɗe baki na rufe. Daren nan na duba kwanakin hutuna da suka rage.

Mun tashi ranar wata Talata a farkon Yuli daga tashar Queen Street. Tikitina na zuwa da dawowa ya ci fam 40 da 'yan kai, nata kuwa fam 1 tak, saboda wani rangwame da ake yi wa yaran da ke tare da babba. Mahaifiyarta ta cika mana jaka da abinci kamar masu tafiya Hajji ta ƙasa. Tafiyar awa uku ce da 'yan mintoci, kuma babu shinge ko ɗaya, babu mai cewa a sauko a buɗe jaka. Mai duba tikiti kawai ya zo, ya haska wayata, ya wuce.

Wautar da na tafka ita ce ban saurari sanarwa ba. Jirgin nan a wani ƙaramin gari mai suna Crianlarich yake rabuwa biyu, rabi ya nufi Oban, rabi ya wuce Fort William da Mallaig. Mu muna can mun baje, muna kallon tafkin Lomond ta taga muna cin ƙwai, ashe a taragon da ba namu ba muke. Wata dattijuwa da ke gefenmu ta ji Mamana na ambaton Oban, ta taɓa ni ta ce in ba Mallaig za mu kwana ba mu tattara. Haka muka sauko da gudu, jaka a buɗe, ƙwai a hannu, muka bi dandamali muka faɗa ɗaya taragon. Daga nan dai sai duwatsu da tumaki da tafkin Awe da kangon gidan sarauta na Kilchurn a bakinsa, har teku ta bayyana.

Oban ƙaramin gari ne da ya kewaye bakin ruwa kamar ƙwarya, ga jiragen fito masu zuwa tsibirai suna shiga suna fita, ga wani zagayayyen gini na dutse a kan tudu, hasumiyar McCaig, wadda wani attajiri ya sa aka fara a 1897 don magina su sami aiki lokacin sanyi. Ba a cikin garin muka sauka ba. Da gangan na nemi ɗaki a wata gonar tumaki da ke kudu da gari, fam 85 kowane dare har da karin kumallo, domin mai neman dabbar ƙasa ba ya kwana a kan kwalta. Mai gidan tsohuwa ce da ta haura saba'in. Ta ce mu riƙa kiranta da sunanta kawai. Ni dai bakina ya ƙi, Mamana kuwa in mun keɓe sai ta ce "Kaka".

Ba mu ma ajiye jaka ba muka yi karo da abin da ya kawo mu. A kan wayar ƙaya da ta kewaye makiyaya, an rataye wasu baƙaƙen abubuwa a jere, kowanne an soke hancinsa a ƙaya ɗaya. Daga nesa na ɗauka tsummokara ne iska ta kwaso. Mamana ta matsa, ta ja da baya, ta kama hannuna. Gawarwakin mol ne, sun bushe sun ƙanƙance, hannuwansu a ware kamar masu roƙo. Na ƙirga 23. Kaka ta ce na bazara ne. Mai kama su yakan jera su a nan don mai gona ya ƙirga da idonsa ya biya, tun zamanin kakanninta haka ake yi. Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin shanya.

Magariba ba ta yi ba sai bayan ƙarfe goma na dare. Na fita waje in yi salla a kan ciyawa, ban kai raka'a ta biyu ba wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, waɗanda ko rabin sauro ba su kai ba, suka rufe ni kamar hayaƙi, suna shiga kunne suna shiga ido. Sauro ko ba komai yana sallama da kukansa. Waɗannan shiru suke zuwa. Na idar a gaggauce na koma ɗaki, goshina duk ya yi rudu-rudu.

Da safe aka kawo kunun wani hatsi da suke kira ots mai kauri da gishiri, da ƙyafaffen kifi, da wani baƙin tsiran-alade da aka yi da jini, wanda muka mayar da godiya. Kaka ta riga ta yi wa maƙwabcinta waya, shi ne mai kamun. Ya iso da ƙaramin shebur da sandar ƙarfe da bokiti, dogo ne marar yawan magana, hannunsa kamar bawon itace. Ya ce yanzu ba lokacin aiki ba ne sosai, amma akwai guda da ta addabi lambun bayan gida, ya ɗana mata tarko tun jiya.

Lambun ya cika da tsibin baƙar ƙasa mai laushi, kowanne kamar an kife ƙwarya. Ya nuna mana cewa tsibin ba ƙofa ba ne, juji ne, ƙasar da ta haƙo ce take turowa sama. Hanyar tana tsakanin tsibi da tsibi. Ya riƙa soka sandarsa a hankali har ya ji ta faɗa rami, ya ba Mamana ta gwada, ta ji yadda ƙarfen ke zurmawa farat ɗaya. Sannan ya je inda ya sa alama, ya ɗaga ciyawa, ya zaro tarko. Tana ciki, ta mutu.

Ya ɗora mini ita a tafin hannu. Ba ta cika tafin ba, nauyinta bai wuce na ƙaramar albasa ba, giram 100 ko kusa da haka. Gashinta baƙi ne mai sheƙi kamar karan-miski, kuma duk inda na shafa shi sai ya kwanta, gaba ko baya, ba shi da gefen da yake tirjewa. Dalili shi ne a rami ba wurin juyawa ko'ina, dole wani lokaci ta tafi da baya. Kunne babu a waje. Ido sai da na hura gashin fuskar kafin na gan shi, ɗan ɗigo kamar kan allura. Hanci ja-ja, tsirara, shi ne idonta na gaskiya. Amma hannuwan su suka tsayar da ni. Faffaɗa ne, sun juya waje kamar na mai iyo, farata biyar masu kauri, ga wani ƙarin ƙashi a gefe mai siffar lauje wanda ke ƙara wa tafin faɗi kamar yatsa na shida. Duk jikin nan an gina shi ne a bayan waɗannan shebura biyu.

Mamana ta ce, "Abba, ɓera ne ko?" A nan tsohon malami ya samu abin yi. Na buɗe bakin dabbar da tsinke na nuna mata. Ɓera haƙoran gaba biyu gare shi manya, na gurgura. Wannan kuwa bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu tsini, na mai cin nama. Ba ta cin hatsi, ba ta cin saiwa, tana ce abincinta, kuma a yini takan ci abin da ya haura rabin nauyinta. Har rumbu take yi: ta ciji kan tana don kada ta gudu, ta tara su da rai a wani lungu na ramin. Na ce mata 'yan'uwan mol na kusa su ne jaɓa da bushiya, rukuninsu ɗaya a wurin masana, Eulipotyphla, ita kuma danginta Talpidae, sunanta Talpa europaea. Hausa ba ta raɗa mata suna ba don ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Masu cewa ɓeran ƙasa sun yi mata ƙage.

Na tambayi dattijon me ya sa ake kashe ta tunda ba ta taɓa amfanin gona. Ya ce ƙasar da take turowa ce matsala. In an zo yankan ciyawar da suke naɗewa cikin baƙar leda don abincin tumaki na lokacin sanyi, injin yakan kwashi ƙasar ya haɗa, ciyawar ta lalace, ta haifar da wata cuta da ke taɓa ƙwaƙwalwar tunkiya har ta riƙa zagaye wuri ɗaya. Ga duwatsun da ke dakushe wuƙar inji. Da guba ake sa musu, sitirikinin, a cikin tana, sai aka hana a 2006, sana'ar tarko ta dawo da daraja. Na ce shekara nawa yana wannan aiki? Ya ce tun yana yaro. Na ce sun ragu? Ya yi 'yar dariya ya nuna dajin da ke bayan shinge. Duk ramin da ya kashe mai shi, kafin wata ya zagayo wata ta tare a ciki.

Lissafin ma haka ya nuna. Ƙiyasin da aka fitar a 2018 ya ce akwai mol sama da miliyan 40 a Birtaniya, kuma ta bazu daga nan har cikin Rasha, in ka cire tsibirin Ailan inda babu ko ɗaya. Cikinta wata guda ne, ta haifi uku ko huɗu, su bar gida bayan mako biyar, bazara mai zuwa su ma su haihu. Babu dokar da ta hana manomi kashe ta, sai dai ta hana azabtarwa. Kafin mu rabu, dattijon ya ba mu labarin da duk ɗan Sikotland ya sani: a 1702 dokin Sarki Wiliyam na Uku ya yi tuntuɓe da tsibin mol, sarki ya faɗo ya karya ƙashin kafaɗa, bai yi wata ba ya mutu. Magoya bayan sarkin da ya hamɓarar, waɗanda ke da yawa a duwatsun nan, suka riƙa ɗaga kofi suna jinjina wa "ɗan dattijo mai baƙar rigar karan-miski". Yana gama faɗa ya jefa ɗan dattijon cikin bokiti.

Da rana muka hau bas zuwa Dunstaffnage, arewa da gari kaɗan, inda cibiyar binciken teku ta SAMS take. A nan ne a 2020 aka ga abin da ba a taɓa gani ba daga farko har ƙarshe: ƙwan filafa da aka ajiye a tankin ruwa ya ƙyanƙyashe bayan kwana 534. Mamana ta lissafa a yatsa ta ce shekara ɗaya da rabi ke nan. Ƙwan ma ba irin wanda muka sani ba ne, wata jaka ce mai tauri kamar fata, mai kusurwa huɗu, ta fi tafin hannun babba tsawo, uwar ta ajiye ta a tsakanin duwatsun ƙasan teku ta yi tafiyarta. Kafin ɗan filafa ya fito daga jakar nan, mol ɗin da aka haifa rana ɗaya da ajiye ƙwan ta riga ta yaye nata 'ya'yan. Shi kuma in ya fito, sai ya haura shekara goma kafin ya isa haihuwa.

Mun ci kifi da soyayyen dankali a bakin tasha, fam 12 kowanne, tsuntsayen teku suna shawagi a kanmu kamar shirwa a mahauta. Ɗaya ta fizge na Mamana daga hannunta.

Rana ta uku ita ce ta jirgin ruwa, kuma ita ta cinye kuɗin tafiyar: fam 90 kowane mutum. Ƙaramin jirgi ne na masu fatsa, mu bakwai har da direba. Akwai mutum uku da suka zo takanas daga Ingila don su kama filafa su sake shi, da wata ɗaliba mai bincike riƙe da na'ura kamar abin goge allo. Ruwan da muka shiga yana cikin yankin da gwamnatin Sikotland ta keɓe a 2014 saboda kifin nan, daga Loch Sunart zuwa mashigin Jura, inda aka taƙaita jan taru ta ƙasan teku. Muka wuce farar fitilar Lismore, aka saki anga a inda zurfi ya haura mita 100, aka sa kifin makarel guda cur a ƙugiya, aka jefa.

Abin da ya biyo baya ba na alfahari da shi. Jirgin da ke tsaye ya fi mai tafiya juya ciki. Kunun safe da kifin jiya duk na mayar wa teku abinta, na kwanta a kan benci ina salati, 'yata kuwa ko a jikinta, tana cin biskit tana taya direba hira. Awa uku ba abin da ya taɓa koto.

A cikin zaman jiran nan ne ɗalibar ta ba mu labarin da ya fi komai tsaya mini a rai. Ta ce mutum ɗaya ne ya raɗa wa dabbobin Mamana biyu suna, masani Linnaeus, a shekara ɗaya, 1758. Na mol ya zauna daram har yau. Na kifin kuwa, Raja batis, rigima ya zama. A 1837 wani masani mai suna Parnell ya bayyana filafa a matsayin jinsi mai zaman kansa, amma a 1926 aka sake bitar dangin aka ce ai duk abu ɗaya ne, aka haɗe su a suna ɗaya mai ma'anar "na gama-gari". Sama da shekara tamanin ana tafiya a haka. Sai wajen 2009 wani masani Bafaranshe, Samuel Iglésias, da abokan aikinsa suka bi kasuwannin kifi suna aunawa suna dubawa, suka tabbatar jinsi biyu ne. Ɗaya ƙarami, yana balaga da wuri, ƙwayar idonsa ruwan ɗorawa. Ɗayan shi ne filafa, Dipturus intermedius, ƙato, idonsa kore mai duhu, ba ya haihuwa sai ya doshi mita biyu. Duk tsawon shekarun nan, in an sauke kifi a tasha aka rubuta sunan nan guda, ƙaramin ne ke cika lissafi, babban yana ƙarewa a ɓoye a bayansa. Tun 1981 wani bincike ya nuna an share su daga tekun Ailan. Sai 2009 aka hana jiragen kasuwa sauke su.

Ina kwance ina jinta, na tuna yadda nake sa yara haddar sunayen Latin kamar karatun aku, ni kaina ina ganin wahalar banza ce ta cin jarrabawa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Ga dabba an ɗaura mata linzamin wata, an ja ta har bakin rami ba wanda ya lura.

Wajen ƙarfe biyu sandar ɗaya daga cikin Ingilishin ta lanƙwashe kamar baka. Aka ɗaura masa ɗamara, aka kafa gindin sandar a cikinta, ya fara ja. Direba ya ce kifin yakan manne da ƙasa ne kamar an kife faranti a kan laka, sai an ɓamɓaro shi. Minti arba'in mutumin nan yana gumi cikin sanyi. Ni jiri ya sake ni ban san lokacin ba. Can sai wani fari ya bayyana a ƙarƙashin ruwa, yana girma, yana girma, har na ce wannan ai ƙyauren ɗaki ne.

Mutum uku suka tallabo ta a kan wata shimfiɗa suka ɗora a daɓen jirgi. Mace ce. Bayanta ruwan ƙasa mai duhu da ɗige-ɗige farare, hanci dogo mai tsini, fukafukai biyu suna kaɗawa a hankali suna dukan katako. Bayan kowane ido akwai rami da ke buɗewa yana rufewa, ta nan take shaƙar ruwa in tana kwance a ƙasa. Aka auna: tsawo mita 2 da ɗan ɗoriya, faɗi ya haura mita ɗaya da rabi. Ba a ɗora ta a sikeli, wani jadawali direba ya duba ya ce za ta yi kilo 80. Manyansu sukan kusa mita uku. Ɗalibar ta bi gefen fiffike da na'urarta, ta yi ƙara: akwai 'yar alama a ƙarƙashin fata, an taɓa kama ta ke nan. Ta ɗauki hoton bayan, domin ɗigon kowane filafa daban yake kamar zanen yatsa, kuma akwai rumbun hotuna mai suna SkateSpotter da ake gane su da shi ɗaya bayan ɗaya. Aka ce Mamana ta jiƙa hannu ta taɓa. Ta ce, "Abba, yauƙi a sama, ƙaiƙayi a ƙasa." Ta leƙa wutsiyar tana neman ƙarin harbi irin na kunama, ɗalibar ta ce wannan dangin, Rajidae, ba su da dafi, ƙayoyi kawai gare su a jere, masu harbi wani rukuni ne daban kuma su haihuwa suke yi, ba ƙwai ba.

Ƙugiyar ba ta da maƙogwaro, zarewa ɗaya aka yi. Duka-duka ba ta yi minti biyar a waje ba aka zurara ta. Ta ɗan tsaya a saman ruwa kamar mai tunani, ta kaɗa fiffike sau biyu, duhu ya haɗiye ta.

A hanyar komawa gaɓa Mamana ta fito da kwafin aikinta, wanda ta riga ta miƙa tun kafin hutu. Layi biyu na sama iri ɗaya ne a duka ɓangarorin: dabbobi ne, masu igiyar baya ne. Daga layi na uku suka rabu, mol ta bi masu shayarwa, filafa ya bi Chondrichthyes, kifayen da babu ƙashi a jikinsu sai guringuntsi, su da kifin shak. Na ce mata akwai abin da jadawalin bai nuna ba. A lissafin masana, reshen masu guringuntsi ya rabu da na masu ƙashi fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, kuma dabbobin tudu daga reshen masu ƙashi suka fito. Ma'ana makarel ɗin da aka sa a ƙugiya ya fi kusa da mol a dangantaka a kan kifin da ya haɗiye shi. Ta dube ni kamar jirin ne bai sake ni ba. Ɗalibar ta gyaɗa kai, sannan aka yarda da ni.

Da na samu masu saurare sai na ƙara. A kudancin Afirka akwai wasu dabbobi da ake kira mol na zinariya, makafi, masu haƙa, kamarsu ɗaya da wadda muka riƙe jiya, amma ko kusa ba dangi ba ne, su 'yan'uwan giwa da rema ne. Zaman rami ne ya sa suka yi kama. Ɗaya daga cikinsu, ta De Winton, an daina ganinta tun 1936, sai a 2023 aka sanar da sake gano ta a rairayin Port Nolloth a Afirka ta Kudu da taimakon kare mai sansano. Ita tana layi ɗaya da filafa a Jan Kundi. Wato ko kalmar mol ɗin ma, in aka tsaya a kanta, tana iya ɓoye mai mutuwa a bayan mai rai.

Abin da ya dame ni a daren nan, ina kwance ina sosa cizon ƙwari, shi ne yadda ido ke ruɗin mutum. Wanda ya ga wayar Kaka zai rantse mol ce ke ƙarewa: ga gawa 23 a jere, ga mai sana'ar kashe ta. Wanda ya ga filafa kuwa, ana lallaɓa ta, ana ɗaukarta hoto, ana mayar da ita ruwa da girmamawa, zai ce wannan ta ji daɗi. Amma ita wadda ake ratayewa tana mayar da gurbin abin da aka kashe cikin shekara guda. Wadda ake lallaɓawa kuwa girmanta ne ajalinta, domin tun daga ranar da ta fito daga ƙwai ta fi ƙarfin ramin taru, kuma tana da shekara goma da 'yan kai na kauce wa tarun kafin ta ajiye ƙwai ko ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce. Bitar da aka yi a 2021 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na kifayen guringuntsi na duniya suna cikin hatsari, kuma su masu siffar faifai sun fi shak shiga uku. A wannan shekarar ne ma aka yi gaggawar keɓe wani wuri kusa da tsibirin Skye, Red Rocks da Longay, bayan masu nutso sun tarar da ƙwayayen filafa birjik a can.

Safiyar komawa muka biya rairayin Ganavan don Mamana ta nemi jakar ƙwai, tunda ƙungiyar Shark Trust na karɓar hoton duk wadda aka tsinta. Awa guda muna tona ciyawar teku. Ba mu sami ta filafa ba, sai wata 'yar ƙarama kamar yatsa, mai murɗaɗɗun zare a kusurwoyi, ta wani ƙaramin shak, fanko. Ta ɗauki hoto ta tura, ta naɗe ta a tishu ta cusa a aljihun jaka. Kaka ta ba mu guzurin burodi da cuku, ta ce in mun dawo da bazara za mu ga kamu na gaske.

A jirgi, bayan mun wuce Crianlarich lafiya, Mamana ta ce tunda mol ba ta da suna da Hausa, shi kifin faifai fa, ko ni na ƙirƙira? Na ce ni na ƙirƙira, amma akwai ɗan'uwansa da ke da sunan Hausa na asali: kunaman ruwa. Yana zaune a ruwan daɗi, a Binuwai da Kwara, mai zagayayyen jiki da ƙari a wutsiya, shi ya sa masunta suka ba shi sunan. A 1962 masana suka bayyana shi daga Garwa ta Kamaru, har sunan garin ya shiga nasa, garouaensis. Ta karɓi wayata ta duba shi a Jan Kundi, ta yi shiru, ta juyo mini da fuskar wayar. Matsayinsa ɗaya da filafa. Shekara tara ina koyarwa, ko sau ɗaya ban taɓa rubuta sunansa a allo ba. Ta ciro fensir ta ja layi na uku a gefen takardarta, ta tambaye ni yadda ake rubuta sunan danginsa, Dasyatidae.

Mun iso Gilasgo ana yayyafi. Kwana biyu bayan nan mahaifiyarta ta bi wari har cikin aljihun jaka, ta zaro tishun da yatsa biyu, ta tambayi wanda ya kawo mata mushe gida. Jakar ƙwan tana kan tagar bayan kicin yanzu, ta waje.